Lambobin da Yaya Ta Bari a Cikin Murfi

Shekara tara da wata huɗu ke nan rabona da gida. Ban taɓa zama na ƙirga ba sai ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris, da Ummi, 'yar yayata, ta kira ni ina tsakiyar aiki ta ce, "Kawu, Mama ta rasu ɗazu da hantsi." Na ce mata to. Abin da bakina ya iya ke nan. Na koma na ƙarasa abin da nake yi, na sa hannu a takardar tashi, na nufi tasha. Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Kafin in isa ɗakina an yi miki sutura, an kai ki makwancinki.

Yau kwana ashirin da shida, Yaya. Wasu sun riga ni rubutu, sun ce ke mai haƙuri ce, mai fara'a. Na karanta na yi murmushi, don ba su zauna da ke ba. Ke mafaɗaciya ce, bakinki da kaifi, kuma a iya sanina ba ki taɓa duban idon wani kin ce masa ya kyauta ba. Na yi shekaru ina jin haushinki, har yanzu ma da saura, domin wata bakwai kika yi kina jinya kika hana kowa ya gaya mini. Amma zan faɗi abin da na sani a kanki yadda yake. Na fi su sanin aikinki, kuma saura kaɗan aikin nan ya bi ki kabari.

Ga wanda bai san ta ba: yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce ta fari ni ne auta. Shekara ashirin da ɗaya tana kula da ɗakin kwamfuta na makarantar makafi. Dogon ɗaki ne mai taga biyu, tebura jere da bango, a kansu tsofaffin kwamfutoci goma sha huɗu da wani ofis ya gaji da su ya bayar sadaka. Makaho da kunne yake aiki da kwamfuta. Ya danna harafi, murya ta faɗa masa abin da ya danna. Idan muryar ta makara ko da ƙiftawar ido ce, yatsa ya riga ya yi gaba, sai mai rubutu ya rikice. Idan kuma aka matsa wa kwamfutar ta yi sauri, sai tsohuwar ƙwaƙwalwarta, wadda muke kira furosesa, ta cika maƙil, fanka ta hau ihu, murya ta soma kakkaryewa kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi, daga nan komai ya tsaya cik. Tsakanin makara da shaƙewa akwai ɗan siririn wuri. A nan kika yi rayuwarki.

Ina da shekara ashirin da bakwai, na gama karatu na rasa aiki, kika zo gida kika same ni a kwance kika ce in tashi in daina ɗumama wa Inna kujera. Na bi ki ina cika ina batsewa, takardar shaidata a kai, ina ganin me za ki koya mini. Ranar farko kika buɗe murfin guda ɗaya kina nunawa da fensir.

"Ga katin sauti, ga katin sadarwa, ga inda madannai ke shiga. Kowanne da direbansa, wato 'yar manhajar da ke kai saƙonsa wurin furosesa. Ka ɗauka yara ne da uwa ɗaya a kicin. In kowa zai riƙa jan zanenta duk daƙiƙa, girki ba zai nuna ba. In ka ce kowa ya jira, mai jin yunwa zai yi kuka. Aikinka ka san wa zai jira, wa ba zai jira ba."

Na ce ai duk mun yi wannan a makaranta.

"To ka ci makin. Miƙo mini sukundireba."

Yadda kike aiki ban sake ganin irinsa ba. Sai ki cire mayafinki ki lulluɓe fuskar kwamfutar, wai abin da mai ita ba ya gani ke ma ba ki da hurumin gani. Ki zaunar da ɗalibin, ki tsaya a bayansa, tafin hannunki a kan akwatin kina jin ɗuminsa, idonki a rufe, ki ce ya rubuta abin da ya ga dama. Shi yana rubutu ke kina sauraron tazarar da ke tsakanin ƙarar madanni da fitowar murya. Sannan ki ɗaga mayafin ki shiga saitin direban sauti, inda ake zaɓen girman bafa, ɗan mazubin da sauti ke taruwa a ciki kafin ya fita. Ƙaramar bafa, murya ta fito nan take amma furosesa ta sha wahala. Babbar bafa, furosesa ta huta amma murya ta makara. Mai rubutu a hankali ki ba shi 512. Mai matsakaicin hannu 256. Wanda yatsunsa ke gudu ki sauko masa zuwa 128, sannan ki je ki nemo wa furosesa sauƙi a wani wurin. Direban fuskar kwamfuta kuwa kin tuɓe shi tas, ba inuwa, ba walwali, ba hoton da ke motsi. Madannai kin hana su barcin tattalin wuta, don kada su haɗiye harafin farko in mutum ya ɗan tsaya tunani.

Dokokinki biyu ne. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya, a saurara, sannan a taɓa na biyu. Kuma furosesa ba ta wuce kashi saba'in cikin ɗari, komai daɗin da sauri ya yi. "Bar mata talatin ta yi numfashi," haka kike cewa, "ba ka san abin da rana za ta kawo ba." In kin gama, ki kwance murfin gefe, ki rubuta a cikinsa da fensir: kwanan wata, lambar da kika tarar, lambar da kika sa, da laƙabin ɗalibin da aka yi dominsa. Na tambaye ki me ya hana ki rubuta a littafi. Kika ce littafi yana da ƙafa, murfi kuwa sai da sukurori huɗu yake fita.

Na tuna ranar da manyan baƙi suka zo zagaye. Wani mai babban tumbi ya ga fuskokin kwamfutocin dishi-dishi, ba launi ba kwalliya, ya juya ya ce wa shugaban makaranta kayan nan ai sun lalace. Kina daga bayan ɗaki kika ce, "Ranka ya daɗe, masu ɗakin ba su kawo ƙara ba." Ɗalibai suka kwashe da dariya, shugaba ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sati guda bai amsa gaisuwarki ba.

Na kuma tuna tsohon nan, ma'aikacin gidan waya da ido ya tafi masa bayan ya yi ritaya. Hannunsa na rawa, in ya danna harafi ɗaya sai uku su fito, ya yi ta tsaki yana cewa shi kam ya tsufa da wannan. Ba ɗalibin makarantar ba ne, ba wanda ya sa ki. Asabar huɗu kika yi kina buɗe masa ɗakin, kina ƙara wa direban madannai jinkiri kaɗan kaɗan, har kika samo daidai rawar hannunsa. Ranar da ya rubuta wa ɗansa wasiƙa shafi guda ba kuskure, ya kama hannuna yana kuka, ya ɗauka ni na yi. Kika yi mini alama in yi shiru. Da ya tafi kika ce, "Ka ci godiyar banza, je ka share tebura."

Shekara uku na yi a ƙarƙashinki. Sai zancen da danginmu suka sani rabi da rabi, wanda zan faɗa yau gaba ɗayansa.

Ana gobe jarrabawar ƙarshe kika kai Inna asibiti, kika bar mini makulli. Kika ce in share ƙura kawai. Ni kuwa na daɗe ina ganin aikinki na tsofaffi ne, kwamfuta ɗaya sati guda, alhali na iya rubuta 'yan layukan umarni da za su saita goma sha huɗun a minti biyar. Na yi. Na sauke bafar kowa zuwa 64, mafi ƙanƙanta. Na umarci katin sadarwa ya daina katse furosesa a kan kowane ɗan saƙo, ya riƙa tarawa yana kaiwa a dunƙule. Na canza wasu abubuwa uku. Na gwada kowace na minti biyu a ɗakin da ba kowa, murya na fita kamar a bakin mutum. Na rufe ƙofa ina jin kaina a sama, ina jiran ranar da za ki ce na kyauta.

Akwai ɗaliba mai zama a lamba bakwai, kowa na kiranta Walƙiya saboda gudun yatsunta. Ita ce ta ɗaya a ajin. A awa ta biyu ta jarrabawa, ɗaki ya ɗau zafi, ta ɗaga hannu ta ce muryar tana kakkaryewa. Kafin ki ƙaraso kwamfutar ta daskare. Shafi shida ta rubuta, ko layi bai tsira ba. Masu jarrabawa suka ce doka ba ta san wannan ba. Walƙiya ta maimaita shekara.

Ba ki yi mini ihu ba, da ma kin yi. Sai da kowa ya watse kika zauna a kujerar lamba bakwai kika ce, "Ka gwada da hannunka, ka saurara da idonka. Yarinyar nan ka taɓa zama ka ji yadda take rubutu?" Na ce saitin daidai yake, injin ne ya tsufa. Kika miƙo hannu na ba ki makulli. "Auta, kana da ƙwaƙwalwa, amma ba ka san kowa ba." Wata biyar bayan nan na sami hanyar fita ƙasar waje, na fita.

Inda nake yanzu, aikina shi ne abin da kika kore ni dominsa. Wani ƙaton zaure ne mai sanyi kamar cikin firji, ba taga, injuna sun fi dubu huɗu a jere cikin akwatunan ƙarfe. In danna maɓalli ɗaya saiti ya shiga dukkansu. Ana yaba mini, har takarda aka ba ni. Ban san hannun mutum ko ɗaya da ke amfani da su ba, ba kuma wanda ya san nawa. Gwiwoyina sun soma ciwo, gashina ya yi fari ta gefe, tagar ɗakina bangon wani gini take kallo. Inna ta rasu ban zo ba, takarduna ba su fito ba a lokacin, kuma kin san dangi ba su yafe mini wannan ba. Waɗanda suka fi zagina a kai su ne ba su taɓa taka ƙofar makarantarki ba, su ne ke kiranki mai gyaran rediyon makafi. Yanzu su ne kan gaba wajen yabonki. Allah ya ba su ladan zuwa gaisuwa, iyakar abin da zan ce ke nan.

Muna waya, ni da ke, duk wata. Ya aiki, ya sanyi, ya yara, a gaida Malam, mijinki. Ba ki taɓa tada zancen lamba bakwai ba, ni ma ban taɓa ba. A watan Janairu kika kira, muryarki ƙasa-ƙasa, na ɗauka layi ne. Kika ce, "Auta, yaushe za ka zo ka duba injinan nan?" Na ji kamar gatse ne, irin naki. Na ce sai kwantiragina ya ƙare. Kika ce, "To. Za su jira, sun saba." Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Da kin ce mini ba ki da lafiya da na san abin da kike tambaya. Laifin rabi naki ne, Yaya, kuma kin tafi kin bar ni da duka.

Kwana takwas da rasuwarki makaranta ta kawo ɗan kwangila ya duba ɗakin. Ya ga tsohon tsari, ya sabunta komai a yini ɗaya, duk direbobi suka koma yadda kamfani ya sako su. Ba na zaginsa. Abin da na yi shi ya yi, kuma shi ko yaya ba shi da ita da za ta karɓe masa makulli. Washegari aka kira ni da wata lamba da ban sani ba.

"Kai ne ƙanen Anti?"

Na ce ni ne.

"Walƙiya ce. Lamba bakwai. Ko ka manta?"

Ashe ita ke koyar da rubutu a ɗakin yanzu. Ta ce murya tana bin yara a baya kamar mai ɗingishi, wasu injinan kuma suna shaƙewa, ɗalibai goma sha bakwai ke da jarrabawa ranar sha huɗu ga Afrilu, kuma ko an raba su zama biyu sai an sami kwamfuta tara masu lafiya. In ba haka ba su ma shekara za su maimaita. Na soma kame-kame ina neman gafararta a kan abin da ya wuce. Ta katse ni.

"Shekarata guda tana wuyanka, na sani, ka sani. Ajiye wannan tukuna. Anti ta ce in wani abu ya faru a buɗe murfi a kira ka."

Haka muka yi sati biyu da 'yan kwanaki. Duk safiya kafin in fita, da ranakun hutuna, Ummi ta je makarantar da sukundireba, ta kwance murfi ta karanta mini rubutunki ta waya, ta shigar da lambobin yadda na faɗa mata. Walƙiya ta zaunar da ɗalibin da zai yi amfani da injin, ta sa wayar kusa da lasifika. Ni kuma a bakin gadona, ido a rufe, ina sauraron tazarar da ke tsakanin madanni da murya. Lambobinki mafari ne kawai, don sabon tsarin ya fi tsohon nauyi, kuma yaran ba waɗanda kika auna ba ne duka. Abu ɗaya muke canzawa, mu saurara. Sau biyu na so in haɗa uku a tafi ɗaya don lokaci na ƙurewa, Walƙiya ta ce, "Malam, mun ga wannan fim ɗin." Na haƙura.

Lamba bakwai muka bari sai ƙarshe, ni na yi ta kauce mata. Ummi ta buɗe ta ce rubutun ya cika murfin har gefe. Tana karantowa daga sama har ta zo kan wata rana da na sani sarai.

"Kawu, akwai sunanka."

Na ce ta karanta.

"Auta ya canza duka. Sauti 64, na mayar 128. Sauran ukun na mayar. Na katin sadarwa nasa ya fi nawa, ya sauke wa furosesa kashi takwas. Na bari, na sa wa sauran ma." Sai na ji ta tana dariya tana jan hanci. "Akwai ƙari a ƙasa, da ƙananan baƙi. Wai kada a gaya masa, kansa zai yi girma."

Shekara tara, Yaya. Shekara tara yaran nan suna rubutu da saitina a injin goma sha huɗu, ni kuma ina can ina daskarewa da tunanin ban taɓa yin abin kirki a ɗakin nan ba. Kalma ɗaya ce. Kin iya rubuta wa murfi, kin kasa gaya wa ƙanenki. Na ajiye wayar na yi kukan da ban yi ba ranar Talatar, kuma ban san ko na haushi ne ko na kewa ba. Amma gaskiya kika rubuta, duka biyun. Na ɓata wa yarinya shekara, kin rubuta. Na yi daidai a abu ɗaya, kin rubuta. Ban san wani mutum da zai iya yi wa wanda yake fushi da shi irin wannan adalci ba.

Da muka gama da bakwai, Walƙiya ta zauna da kanta ta saki yatsunta. Na ji muryar tana tafiya da ita ƙafa da ƙafa, fanka na juyawa a hankali. Ummi ta ce furosesa na kan sittin da shida. Walƙiya ta ce, "Ta dawo." Na tambaye ta maganar shekararta. Ta ce ta yafe rabi, sauran sai na zo da ƙafata. Na nemi hutu, sun ba ni kwana goma a watan Yuni.

Allah ya jiƙanki, Yaya. Ya yafe miki kurakuranki, Ya yalwata kabarinki, Ya sanya haske a cikinsa kamar yadda kika zama ido ga waɗanda ba su gani. Ya sa jinyar da kika ɓoye ta zama kaffara. Ya haɗa ki da Inna da Baba a Aljanna, Ya kyautata namu ƙarshen. Ni na yafe miki, ke ma ina fata kin yafe mini. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam, mijinki, wanda ya yi shekara talatin yana jure bakinki da murmushi; ga Ummi da ƙannenta biyu; ga Walƙiya da dukan ɗaliban da kika taɓa tsayawa a bayansu; da sauran dangi, na kusa da na nesa. Allah ya ba mu haƙurin rashi.

Ga abin da na iya cetowa. Goma sha huɗu kika bari. Biyu sun mutu, ko an kunna su ba su tashi. Uku tsatsa ta cinye rubutun murfinsu, sai na zo na saurara da kaina. Tara suna magana. Ta taran tana ɗan shaƙewa bayan awa biyu, mun ba mai rubutu a hankali. Ba wadda ta wuce saba'in.